Muhawara: Dabbar da ta rage guda goma a teku, me gwajin DNA zai tsinana mata?

Sarkin_Shakka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masana halittu da ke cikinmu. A ƙuryar arewacin Tekun Kalifoniya, a ƙasar Meksiko, akwai wata ƙaramar dabba dangin dolfin da ake kira bakita. Tsawonta bai fi mita ɗaya da rabi ba, kuma ba a samun ta ko'ina a duniya sai nan. A 1997 an ƙiyasta sun kai 567. A 2008 suka koma 245, a 2015 wajen 59, yanzu kuwa lissafin guda goma ake yi. Abin da ke ƙarar da su ba ɓoyayye ba ne: ragar da ake kafawa a ruwa don kama kifin totowaba, wanda ake safarar jakar iskar cikinsa zuwa Sin. Bakita da huhu take numfashi, in ta sarƙe a raga ba ta iya tasowa ta shaƙi iska, shi ke nan. Ana cikin wannan hali sai ga masana sun duƙufa suna karanta DNA ɗinta, wai suna auna bambancin ƙwayoyin gado. Fisabilillahi, ba cire raga ne aikin ba?

Dakta_Halitta:
Wa alaikumus salam Malam. Cire raga shi ne aikin, babu masanin da zai musa maka. Sai dai kafin a cire raga, dole masu mulki da masu ba da kuɗi su yarda cewa cirewar za ta yi amfani. Da adadin ya faɗo ƙasa sosai, wasu sun fara cewa ai ta riga ta ƙare: dabba goma ba makawa za su yi barbara da danginsu na jini, 'ya'ya su riƙa fitowa da tawaya, don haka a daina takura wa masunta, a kai kuɗin wani wuri. Magana ce mai shiga kunne, kuma tausayi ba zai rushe ta ba, sai awo.

A 2022 mujallar Science ta buga binciken da aka yi a kan kundin gado gaba ɗaya na bakita 20, daga samfuran da aka adana tsakanin 1985 da 2017. An ga bambancin gadonsu ƙanƙane ne ƙwarai, gaskiya ne, amma an kuma ga ba su ɗauke da yawan munanan ƙwayoyin gado irin waɗanda ke yin ɓarna idan dangi suka haɗu. Sai aka gwada a kwamfuta yadda zuriyar za ta kasance cikin shekara 50. Idan mutuwa a raga ta tsaya cak, haɗarin ƙarewarsu kashi 6 ne cikin 100. Idan an rage ta da kashi 80 kawai, haɗarin ya kai kashi 62. Ka ga awon nan bai janye hankali daga raga ba, ya ma toshe hanyar da masu neman uzuri za su bi.

Gwaggo_Rabi:
Dakta ka yi mana a hankali, ba dukanmu muka yi kimiyya ba. Shi bambancin nan ta yaya ake auna shi? Kuma dabbar da ke tsakiyar teku wa ya kama ta har ya ɗebi jininta?

'Yar_Lab:
Gwaggo bari in karɓi wannan, aikina ke nan. Kowace dabba tana da kwafi biyu na kundin gadonta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ki ɗauka littafi ne aka kwafe sau biyu da hannu, sai a jera su a bi harafi bayan harafi ana ƙirga inda suka saɓa. A jikin ɗan Adam ana samun saɓani kusan sau ɗaya a kowane harafi 1,000. A bakita kusan sau ɗaya ne a harafi 10,000. Wannan shi ne awo mafi sauƙi, kuma daga dabba ɗaya tak ana iya samun sa.

Batun kamawa kuwa, yawanci ba a kamawa. Manyan dabbobin teku masu shayarwa irin su dolfin da wel, ƙaton nan da ya fi kowa girma a teku, daga cikin jirgi ake harba musu wata kibiya mai ɗan bututun ƙarfe a baki, da abin tsayarwa a bayansa don kada ta nutse cikin nama. Tana taɓa fata sai ta tsinke 'yar tsoka kamar kan ɗan yatsa, ta faɗo ruwa tana yawo a sama, a sa raga a ɗauke. In kin ga abin a kwalba za ki raina shi: sama baƙar fata, ƙasa farin kitse, a jiƙe cikin sinadarin itanol ko a daskare. Wasu samfuran kuma daga gawar da ruwa ya turo gaɓa ake samu, ko wadda ta mutu a raga, ko tsohon ƙashi da haƙori a gidan tarihi.

Karatun ma hawa-hawa ne. Da can DNA na mitokondiriya ake dubawa, wanda ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. A 1999 an duba wani yanki nasa a bakita 43, aka tarar duk iri ɗaya ne sak. Daga baya aka koma duba wuraren da haruffa ke maimaita kansu, wuri goma ko ashirin. Yanzu da na'urori suka yi sauƙi, kundin gaba ɗaya ake karantawa.

Gwaggo_Rabi:
Allah ya yi miki albarka 'yata. To amma ni inda na tsaya, kun ce ƙarancin bambanci illa ne, kun kuma ce bai cutar da wannan dabbar ba. Wanne za mu ɗauka?

Dakta_Halitta:
Duka biyun, Gwaggo, kuma nan ne gaɓar maganar. Yawancin munanan ƙwayoyin gado a ɓoye suke. In dabba ta gaji mummuna daga uba, ta gaji lafiyayya daga uwa, lafiyayyar ke rufa mata asiri. Sai ta gaji mummunar ta ɓangare biyu cutar ke fitowa. Dabbobin da suke da yawa ƙwarai, dubu ɗaruruwa, suna tara irin waɗannan ɓoyayyun da yawa, domin da wuya masu ɗauke da iri ɗaya su haɗu. Ranar da aka karkashe su suka rage kaɗan, dangi suka fara haɗuwa, sai ɓoyayyun su fito lokaci guda.

Ita bakita tarihinta dabam. Kundin gadonta ya nuna ta shafe sama da shekara 200,000 ba ta da yawa, 'yan dubbai ne kawai a wannan lungun na teku. A tsawon lokacin nan munanan sun riƙa bayyana kaɗan-kaɗan, masu ɗauke da su suna mutuwa ba su bar baya ba, har aka tace mafi yawansu. Saboda haka lambar da aka auna ita kaɗai ba ta gaya maka komai. Sai ka san ko dabbar ta daɗe a haka, ko jiya-jiya ta faɗo.

Injiniya_B:
Ina da misalin ɗaya ɓangaren. Orka, wato ƙaton dolfin mai baƙi da fari, da ke ruwan tsakanin jihar Washinton ta Amurka da yammacin Kanada, waɗanda ake kira mazauna kudu, garke uku ne, J da K da L. A shekarun 1960 da 1970 an kame gommai daga cikinsu an kai wuraren nishaɗi. A 1995 sun ɗan farfaɗo zuwa 98, yanzu sun dawo saba'in da 'yan kai. Gwajin tantance uba ya nuna maza biyu kacal ne suka haifi fiye da rabin 'ya'yan da aka gwada cikin waɗanda aka haifa tun 1990. A 2023 kuma wani bincike ya gano waɗanda iyayensu suka fi kusancin jini, damar su kai shekara 40 ba ta kai rabin ta sauran ba. A nan barbarar dangi tana cikin abin da ya riƙe su, bayan ƙarancin kifin salmon da suke ci da hayaniyar jiragen ruwa.

Sarkin_Shakka:
To ni ma bari in kawo nawa, tunda misali ake jifa da shi. Sil mai hancin giwa na arewa, wata dabbar teku mai shayarwa da ke hawowa gaɓa ta haihu. A ƙarni na 19 an yi ta yanka su saboda mai har aka ɗauka sun ƙare, sai 'yan tsiraru da suka saura a tsibirin Guwadalupe, waɗanda ake jin ba su kai ɗari ba. Meksiko ta haramta kashe su a 1922. A 1974 aka gwada 159 daga cikinsu a wuri 24 na furotin, ba a ga bambanci ko ɗaya ba. Yau sun haura 200,000. Babu wanda ya auna musu komai a 1922, kashe su kawai aka daina. Dakta, ina amfanin awon a nan?

Dakta_Halitta:
Misalinka mai ƙarfi ne Malam, ba zan raina shi ba. Amma ka lura, su muke gani saboda sun tsira. Waɗanda suka bi ta irin wannan ƙunci ba su fita ba, babu su balle a kawo su misali. Kuma yawa ba shi ne lafiya ba. A 2024 an fitar da bincike biyu a kan kundin gadon waɗannan sil ɗin. Ɗaya ya ga alamar illa a yawan haihuwa da ƙwarewar nutso, ɗaya bai ga illar barbarar dangi a lafiyar jikin da ya auna ba. Masanan kansu ba su gama daidaita bakinsu ba.

Abin da ya fi damuna ba tawayar yau ba ce, gobe ce. Bambancin gado shi ne abin da zuriya ke jingina da shi in sabuwar cuta ta zo ko ruwa ya yi zafi. Dubu ɗari biyu da duk suka fito daga 'yan tsirarun iyaye, in cuta ta san hanyar shiga ɗaya, ta kusa sanin ta kowa.

'Yar_Lab:
Murjanin teku, halitta mai rai da ke manne a ƙasan ruwa kamar tsiro, ya fi nuna wannan ƙarara. Akwai wani mai rassa kamar ƙahon barewa a Tekun Karibiyan, wanda wata cuta da ke cin namansa ta bar farin zobe ta kusa share shi tun daga ƙarshen shekarun 1970. A Fanama an gwada iri 49 mabambanta, aka samu 3 da cutar ba ta kama su. Uku kacal, amma da babu bambanci, da ko ukun babu.

Sannan murjani yana da wata yaudara. Reshe ya karye, ya faɗi gefe, ya kama ƙasa ya girma, kuma shi ɗin dai shi ne, ba ɗa ba ne. Sai ka ga fili guda cike da murjani ka ce alhamdulillahi akwai dubu, gwaji ya nuna duk mutum ɗaya ne ya bazu. Mai dasa murjani da bai yi gwaji ba zai iya shekaru yana yaɗa iri ɗaya. Shi ya sa masu renonsa a Fulorida suke ba kowane iri lamba, suna rubuta wanda aka dasa a ina.

Baffa_Dattijo:
Ina biye da ku tun ɗazu. Tambayata gajera ce. Nawa ne ya isa? Akwai adadin da in dabba ta kai shi za a ce ta tsallake?

Dakta_Halitta:
Ranka ya daɗe Baffa, akwai, amma ba ƙirgen kai ba ne. Masana suna da abin da suke rubutawa Ne, wato adadin da ke zuba gado a zuriya ta gaba a zahiri. Tsofaffi da ƙanana ba sa ciki, haka namijin da aka hana shi mata. Ɗauki sil ɗin da Malam ya kawo, inda ƙaton namiji ɗaya ke tare mata da yawa a gaɓa. Namiji 1 da mata 50 dabba 51 ne a ido, amma a lissafin gado ba su kai 4 ba. Ko matan sun kai dubu, in uban ɗaya ne, ba za su wuce 4 ba, domin rabin gadon kowane ɗa daga wuri ɗaya ya fito. A yawancin dabbobin dawa Ne yakan tsaya wajen kashi ɗaya cikin goma na adadin manya.

A kowace zuriya ana asarar bambanci gwargwadon ɗaya bisa ninki biyu na Ne. In Ne 50 ne, kashi 1 cikin 100 ke tafiya duk zuriya. Daga nan aka samo ƙa'idar 50 da 500 a 1980: 50 don kauce wa illar barbarar dangi nan kusa, 500 don zuriya ta riƙe ikon sauyawa a dogon lokaci. A 2014 Richard Frankham da abokan aikinsa suka ce lambobin sun yi kaɗan, a mai da su 100 da 1,000. A Disamban 2022, a taron Montiriyal, ƙasashen duniya sun sa kiyaye bambancin gado cikin yarjejeniyar kare halittu, kuma ma'aunin da aka ɗauka shi ne a ƙirga rukunin dabbobi nawa ne Ne ɗinsu ya haura 500.

Injiniya_B:
Dakta, wannan ma'aunin yana aiki a kifi kuwa? Kifi ɗaya na zuba ƙwai miliyoyi, yawanci su mutu, 'yan kaɗan su yi sa'a.

Dakta_Halitta:
Ka taɓo inda ke ciwo. A Niyu Zilan akwai ma'aikatan kula da kamun kifi da suka riƙa adana ɓawon kifin sinafa na mashigin Tasman tun 1950, don gane shekarun kifi kawai, ba su san DNA za a nema a ciki wata rana ba. A 2002 aka ciro shi daga busassun ɓawon nan, aka ga bambanci ya ragu a shekarun da aka tsananta kamu, aka kuma ƙiyasta Ne ya gaza ainihin adadin kifin da ninki wajen 100,000. Abin ya girgiza mutane. Daga baya Robin Waples, wanda ya ƙware a wannan lissafi, ya nuna cewa in kifi na da yawa ƙwarai kuma samfurinka kaɗan ne, lissafin kan iya ba ka ƙaramar lamba ta ƙarya. Don haka ni in na ga an ce Ne na wani kifin teku ɗari biyu ne, samfuri nawa aka gwada nake fara tambaya.

Sarkin_Shakka:
Ka gani ko? Ku da kanku ba ku yarda da lambobinku ba.

'Yar_Lab:
Haba Yaya, ai wanda ya san inda ma'auninsa ke karkata ya fi wanda ba shi da ma'auni. Kuma ka takura maganar a bambanci kawai, alhali samfurin nan ɗaya yana amsa tambayoyi da yawa. Ka ce bakita goma, ka ce 567. Ƙirgen dabbar da ke ƙarƙashin ruwa ka ɗauka wasa ne?

Dolfin Mawi na yammacin tsibirin arewa na Niyu Zilan da DNA ake ƙirga su. A ɗebi fata bana, a koma baɗi a sake ɗiba, a ga nawa ne aka sake cin karo da su. Da haka aka samu 54 masu shekara ɗaya zuwa sama a 2020 da 2021. A Ostireliya kuma hukumar bincike ta CSIRO ta ɗaga dabarar sama. Maimakon a sake kama kifi ɗaya, sai a nemi iyaye da 'ya'yansu cikin waɗanda masunta suka riga suka kama. Kowane ɗa yana da uwa ɗaya da uba ɗaya, to in manya kaɗan ne a teku, za ka yi ta cin karo da iyayen a samfurinka, in suna da yawa da ƙyar za ka samu. Sun gwada kifin tuna na kudu sama da 13,000, suka sami haɗin uwa ko uba da ɗa guda 45, daga nan suka fitar da adadin manya ba tare da dogaro da rahoton jiragen kamun kifi ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, don rahoton kamu ba kullum yake gaskiya ba.

Injiniya_B:
Ƙari a kan na ƙanwata: wani lokaci ma ba a san wace dabba ake karewa ba sai an gwada. Wel ɗin da ke Tekun Meksiko an daɗe ana ɗaukar su reshen wani jinsi ne da ke warwatse a tekunan duniya. Gwajin gado da awon ƙoƙon kai suka nuna jinsi ne mai zaman kansa, aka ba shi sunan masani Dale Rice a 2021, kuma wajen 50 ne suka rage. Jiya reshe ne na dabba mai yawa, yau yana cikin mafi ƙaranci a duniya.

Kunkurun teku ma haka. Mata suna komawa yankin da aka ƙyanƙyashe su don yin ƙwai, saboda haka kowace gaɓa tana da tambarinta a DNA na wajen uwa. A 1995 aka nuna cewa ƙananan kunkuru masu babban kai da ke kiwo a gaɓar Baja Kalifoniya, yawancinsu a Japan aka ƙyanƙyashe su, sun ratsa Tekun Fasifik. Kenan mai gadin ƙwai a Japan yana iya yin aikinsa tsaf, raga a Meksiko tana cinye masa wahala.

Baffa_Dattijo:
Wannan ya tuna mini aikin Scott Baker da Stephen Palumbi, da suka buga a 1994. Naman wel aka saya a kasuwannin Japan don a ga ko duk na halal ne a dokar kamu. Dokar CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan safarar dabbobin da ke cikin haɗari, ba ta yarda a fita da naman daga ƙasar ba sai da izini, sai aka kafa 'yar na'urar kwafin DNA a ɗakin otal a Tokiyo, aka kwafa a nan, aka fita da kwafin. A ciki aka sami naman wel mai doro, wanda aka hana kamawa tun shekarun 1960.

Gwaggo_Rabi:
Ikon Allah. Ni dai harbin nan da kibiya ne bai kwanta mini ba. Dabba ta rage kaɗan kuma a bi ta da harbi?

'Yar_Lab:
Raunin ƙarami ne Gwaggo, yana warkewa, amma damuwarki tana kan hanya, kuma ba kowace dabba ake yi wa ba. Bakita tana da tsoro ƙwarai, ba ta bari jirgi ya matso. A 2017 an yi ƙoƙarin kama wasu a killace su don a tsare su, wata babbar mace ta mutu saboda firgita, aka dakatar da shirin. Daga ƙwayoyin jikinta da aka raya a ɗakin gwaji aka samo cikakken kundin gadon jinsin.

Akwai hanyar da ba a taɓa dabba sam. Duk abin da ke ruwa yana zubar da ɓurɓushin fata da majina da kashi, sai a ɗebi ruwan a tace. A Katar, inda manyan kifayen shak masu ɗigo-ɗigo ke taruwa kusa da rijiyoyin mai na teku, an tace ruwa ƙasa da lita 30 aka sami nau'o'in DNA na wajen uwa da suka yi daidai da na samfurin nama. Iyakarta dai, ruwa gauraye yake. Zai gaya miki irin da ke wurin, amma da wuya ya ce wannan kwafin da wancan na dabba ɗaya ne, balle ya nuna wa ya haifi wa.

Sarkin_Shakka:
Na ji, kuma batun ƙirge da gano asali na karɓa. Inda har yanzu nake tsaye: an buga binciken bakita a 2022, an ce za ta iya farfaɗowa. Masu kafa raga sun karanta Science ne? Abin da na ji ya rage jiragen masunta a yankin da aka haramta shi ne tubalan kankare masu ƙugiya da sojan ruwan Meksiko suka zuba a ƙasan teku a shekarar, masu yaga raga. Kankare ya yi abin da takarda ba ta yi ba.

Dakta_Halitta:
Ban ƙi ba, kankaren ya yi aiki. Amma wanda ya sa hannu a kashe kuɗin kankare sai da ya yarda dabbar ba ta riga ta mutu a tsaye ba. Ni abin da nake tsoro shi ne a ɗauki sakamakon bakita a shafa wa kowa, a ce ashe ƙarancin bambanci ba komai ba ne. Orka na nan suna ƙaryata haka.

Injiniya_B:
To su orkan mene ne maganinsu, tunda an gano ciwon? A kan tudu an yi: a 1995 an kai damisar Amurka mata 8 daga Teksas zuwa Fulorida, jini ya sabunta, adadi ya ƙaru.

Dakta_Halitta:
A orka da wuya, Injiniya. Akwai wasu orka a ruwa ɗaya da su, masu cin sil, akwai kuma mazauna arewa masu cin kifi kamar su, amma ba sa barbara da juna. Kowane rukuni da kukansa da abincinsa da ya koya daga uwa, kuma ɗa namiji ba ya barin garken uwarsa har ya mutu. Ba dabbar da za ka ɗauko daga wani garke ka jefa cikin wani ka ce su daidaita ba ce. Abin da ya rage a hannu shi ne a ƙara musu salmon, a rage hayaniya da gubar ruwa, don 'ya'yan da ake haifa su rayu su kai shekarun haihuwa, maza masu zuba gado su wuce biyu.

Sarkin_Shakka:
Wato dai an zagaya an dawo kan kifi da jirgi.

'Yar_Lab:
An dawo, Yaya, amma yanzu an san ko an ƙara kifin, farfaɗowarsu za ta yi jinkiri fiye da yadda aka zata, kuma in shekara goma ta wuce ba a ga sun ƙaru sosai ba, kada a yi saurin cewa ƙarin kifin ne bai yi amfani ba.